Nasiha ga Matasa Masu Shafukan Intanet a Kan Saye da Musayar Mahaɗai

Ya ku ƙannena da 'ya'yana waɗanda Allah Ya hore wa basirar gina shafuka a intanet, ko na kasuwanci, ko na labarai, ko na koyar da wani fanni na ilimi, na tabbata babu ɗayanku da zai daɗe a wannan sana'a face wani ya zo masa da magana mai daɗin ji, ya ce masa idan yana so Google ya ɗaga shafinsa zuwa sahun farko, to, sai ya tara mahaɗai, watau kalmomin nan masu launin shuɗi da ake latsawa su ɗauki mai karatu daga wani shafi su kai shi wani, kuma wai ba a tara su sai ta ɗayan hanya biyu, ko dai a saya da kuɗi, ko kuwa a yi musaya, sa mini in sa maka. Rabin wannan magana gaskiya ne, abin da ya sa ke nan take ruɗar har masu hankali. Lalle mahaɗi yana da tasiri a matsayin shafi. Amma wanda bai san dalilin da ya sa aka ba shi wannan tasiri ba, to, ba zai gane inda cinikin ya ɓaci ba, don haka ina roƙonku ku yi mini haƙuri in faro muku daga tushe.

Kafin Google ya bayyana akwai injunan bincike irin su AltaVista, wanda aka buɗe a 1995, kuma galibin dogaronsu yana kan kalmomin da ke cikin shafin ne, ta yadda idan mutum ya nemi takalmi, shafin da ya fi yawan ambaton takalmi shi ne zai fi kusa da fitowa a gaba. Ba a jima ba masu wayo suka gano haka, suka riƙa jera kalma ɗaya sau ɗaruruwa a gindin shafi, wani lokaci ma da farin rubutu a kan farar shimfiɗa, domin idon mutum kada ya gani amma injin ya ƙirga. A 1996 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka soma wani bincike da suka fara kira BackRub, wanda a 1998 ya zama kamfanin Google, kuma hikimar da suka zo da ita, wadda aka sa wa suna PageRank, ita ce a daina tambayar shafi game da kansa, tun da kowa gwani ne wajen yabon kansa, a koma a dubi su wane ne suke nuna shi daga waje. Ba daga sama suka tsinci wannan tunani ba. Tun 1964 wani masani mai suna Eugene Garfield ya fitar da wani kundi da ke ƙididdige sau nawa masana kimiyya suke ambaton maƙalar junansu, a bisa hujjar cewa maƙalar da masana suka yawaita kafa hujja da ita akwai abin da ta ƙunsa. Ɗaliban nan sai suka ɗauki mahaɗi a matsayin irin wannan ambato.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanci babin shaida a fiƙihu zai ga bai baƙunci wannan tsari ba. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar mutumin da bai san halinsa ba sai an yi masa tazkiyya, kuma mai yin tazkiyyar shi ma dole ne ya zama adali sananne, ba kowane mai wucewa ba. Haka nan a lissafin PageRank ba yawan mahaɗai kaɗai ake ƙirgawa ba, ana auna nauyin kowane mahaɗi gwargwadon nauyin shafin da ya fito daga gare shi, shi kuma wancan shafin nauyinsa yana zuwa ne daga waɗanda suka nuna shi, haka abin yake ta tafiya yana komawa baya har lissafin ya daidaita. Saboda haka mahaɗi guda daga shafin wata jami'a ko wata jarida da jama'a suka amince da ita yana iya rinjayar ɗari biyar daga shafukan da babu wanda ya san da zamansu. Mahaɗi shaida ne, kuma duk abin da zan faɗa muku daga nan a kan wannan asali na gina shi.

Akwai wata ƙa'ida a cikin lissafin da masu tallar musaya ba su cika son a ambata ba, ita ce cewa nauyin da shafi yake da shi rarraba shi ake yi a tsakanin dukkan mahaɗan da suka fita daga cikinsa, ta yadda idan ya nuna wurare goma kowanne zai sami ushuri, idan kuwa ya nuna ɗari biyar, to, abin da zai isa ga kowanne bai taka kara ya karya ba. Yanzu ku je ku buɗe irin shafin nan da masu musaya suke keɓewa, wanda yawanci suke wa laƙabi da «abokan hulɗarmu», ku dube shi da idon basira. Za ku tarar da jeri mai tsawo, babu jimla ko ɗaya ta bayani, mai sayar da kayan gyaran mota yana bisa mai maganin ƙiba, a ƙarƙashinsu gidan caca na wata ƙasa mai nisa, sa'an nan makarantar koyon ɗinki, wasu mahaɗan ma sun mutu tun shekarun baya, in an latsa ba su kai ko'ina. Babu wani ɗan Adam da ya taɓa buɗe wannan shafi don neman fa'ida, domin ba a rubuta shi saboda mutum ba, kuma a tsakiyar wannan tarkace ne ake gayyatarka ka sa sunan shafin da ka sha wahala a kansa, alhali kai kuma an sharɗanta maka ka buɗe irinsa a gidanka.

Malaman mazhabarmu, kamar yadda ɗalibi zai tarar a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba su karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da shaidar da ya bayar, ko da kuwa a sauran al'amuransa mutumin kirki ne, saboda tuhuma ta riga ta shiga. Mahaɗin da aka biya kuɗi aka sa, ko aka sa shi bisa sharaɗin ramuwa, shi ne ainihin wannan shaida, kuma aibinsa ya wuce saɓa wa dokar wani kamfani na Amurka, wanda ni ban ɗauke shi waliyyi ba, kasuwarsa yake karewa. Aibin yana kan wanda ake yaudara. Ku tuna da uwar da ɗanta yake zazzaɓi cikin dare, ta ɗauki waya tana neman bayani, ta latsa abin da ya fito a farko saboda zaton da take yi cewa cancanta ce ta kai shi can. Idan kuɗi ne suka kai shi, an cuce ta ba ta sani ba, kuma an danne wanda ya rubuta sahihin bayani ya koma shafi na biyar inda ba mai zuwa. Wannan ɗan'uwan najashi ne da shari'a ta hana a ciniki, inda wanda ba shi da niyyar saye yake ƙara farashi don na gefe ya zaci hajar ta kai haka.

Kada ku ce wannan wa'azi ne kawai, a aikace abin yana ci. Yana ci na ɗan lokaci, ban musa ba, amma ga abin da ya faru ga waɗanda suka fi ku jari nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta fallasa cewa babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya yi watanni yana fitowa na ɗaya a Google a kan kalmomi masu yawa, daga rigunan mata zuwa kayan shimfiɗa da dardumomi, kuma da aka bi sawu sai aka tarar da shafuka fiye da dubu biyu ɗauke da mahaɗai zuwa sashen rigunansa, a wuraren da ba su da alaƙa da tufafi ko ta ƙwayar zarra: wani shafin na injiniyancin nukiliya ne, wani na caca, wani na dillancin gidaje a Bulgeriya. Da Google ya ɗauki mataki, cikin sa'o'i kaɗan kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68 a neman kujerun falo, ya faɗo daga na 1 zuwa na 71 a neman wata irin jakar tafiya. A wannan wata na Fabrairu dai aka hukunta wani kanti mai suna Overstock, wanda dabararsa ta fi laushi, domin rangwame ya riƙa yi wa ɗalibai da malaman jami'o'i don a sa mahaɗinsa a shafukan jami'o'in, saboda ya san nauyinsu. A Fabrairun 2013 kuma kamfanin sayar da furanni na Ingila, Interflora, ya wayi gari ko sunansa aka nema ba ya fitowa, ana saura 'yan makonni bikin ranar uwa, lokacin da kasuwar furanni take ci a can, bayan da ya biya aka buga masa tallace-tallace masu kama da labari a jaridu da mahaɗai a cikinsu. Abin dariya ma, a Janairun 2012 Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome na tsawon kwana 60, saboda 'yan kwangilar tallarsa sun biya marubuta kuma aka sami mahaɗi a cikin rubutun da aka biya.

Waɗannan duka sun farfaɗo, wasu cikin kwanaki, wasu cikin watanni, saboda suna da lauyoyi da ma'aikata da suna wanda jama'a za su nema ko Google ya so ko ya ƙi. Kai da kake da shafi ɗaya da kwamfuta ɗaya, ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A ranar 24 ga Afrilu, 2012, Google ya saki wani gyara a lissafinsa da aka sa wa suna Penguin, wanda aikinsa farautar mahaɗan da ba na ɗabi'a ba ne, kuma ya taɓa kimanin kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Abin da yake kallo ba gaibu ba ne. Mutane idan sun nuna wani shafi don kansu, kowa da lafazinsa, wani ya rubuta sunan shafin, wani ya ce «duba nan», wani ya liƙa adireshin tsurarsa. Amma idan shafuka ɗari uku waɗanda ba su san juna ba suka yi ittifaƙi a kan lafazi ɗaya, harafi da harafi, kuma lafazin ya zamo shi ne daidai kalmar da mai shafin yake kwaɗayin fitowa a kanta, kuma duk suka bayyana cikin mako guda, to, ko ɗalibin farko ya san daga bakin mutum ɗaya maganar ta fito. Masu wayo suka ce to, a daina musayar kai tsaye, a yi ta mutum uku, Audu ya nuna Bala, Bala ya nuna Garba, Garba ya dawo ya nuna Audu. Wasu kuma suka riƙa sayen tsofaffin adireshin shafukan da masu su suka bari suka mutu, suna cika su da rubutun banza don su nuna shafinsu na gaskiya. Duk wannan zane ne a cikin taswirar da injin yake riƙe da ita gaba ɗayanta, kai kuwa lungunka kaɗai kake gani. Daga Satumbar 2016 aka shigar da Penguin cikin ainihin lissafin, ya koma yana aiki kullum, kuma galibi maimakon ya hukunta shafi sai ya yi watsi da mahaɗan kawai, ya ɗauke su tamkar babu. A ganina wannan ya fi zama hasara ga matashi, domin wanda aka hukunta ya san ya yi kuskure ya daina, amma wanda aka yi banza da mahaɗansa zai ci gaba da biyan dillali wata bayan wata yana jiran tashin da ba zai zo ba, dillalin kuma yana ce masa a ƙara haƙuri, a ƙara kuɗi.

Sai dai kada tsoro ya kai ku ga wani wuce gona da iri, har ku ƙi nuna wanda ya nuna ku. Malaman hadisi sun san wani nau'i da suke kira mudabbaj, inda tsara biyu kowannensu yake ruwaitowa daga ɗan'uwansa, kamar Imamu Malik da Auza'i, ko Ahmad bin Hambal da Aliyu bin Madini, kuma ba wanda ya ɗauki wannan aibi, saboda kowannensu ya ji abin da ya ruwaito da gaske, ba yarjejeniya suka ƙulla ta ɗaga juna ba. Haka nan idan mai shafin koyar da kiwon kaji ya nuna shafin likitan dabbobi a inda yake maganar rigakafi, likitan kuma ya nuna shi a inda yake maganar ginin akurki, wannan amfanin mai karatu ne, kuma ƙa'idojin Google ma musayar da ta wuce kima suka ambata, da shafukan da aka gina don musayar kaɗai. Ma'aunin da nake ba ku shi ne ku tambayi zuciyarku: da a ce babu injin bincike a duniya, da zan sa wannan mahaɗi a wannan wuri saboda wanda yake karantawa? Kuma da a ce wancan ya cire nawa gobe, zan bar nasa? In amsar duka biyun i ce, ku sa, hankalinku kwance.

Talla ma ba haramun ba ce, ɓoye ta ne tadlisi, watau yaudara. Tun Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da ake liƙa wa mahaɗi a cikin rubutun kwamfuta na shafi, wadda ma'anarta ita ce kada a bi wannan, ban tsaya masa ba. A Satumbar 2019 kuma Google ya ƙara biyu, ɗaya ta mahaɗin da aka biya, ɗaya ta abin da baƙi suka rubuta a shafinka. Idan ɗan kasuwa ya ba ka kuɗi don ka tallata hajarsa, karɓi abinka, ka rubuta a fili cewa talla ce, ka sa wa mahaɗin alamarsa. Idan ya ce shi bai yarda da alamar ba, to, ka gane ba masu karatunka yake nema ba, shaidarka yake so ya saya. A nan ne zan ja kunnen masu zuwa Wikipedia ta Hausa suna cusa adireshin shafukansu a gindin maƙaloli: mahaɗan Wikipedia masu fita waje suna ɗauke da waccan alama ta kada a bi, don haka ba abin da kuke samu illa wahalar da 'yan sa-kai masu share bayanku, a kan wani aiki da al'ummarmu take matuƙar buƙata.

To, ta ina mahaɗin halal yake zuwa? A nan ku masu rubutu da Hausa kuna da wata falala da takwarorinku masu rubutu da Turanci za su yi sha'awa, domin su a kowace mas'ala suna gogayya da dubban shafuka da suka riga su, ku kuwa fagenku yawancinsa fili ne. In aka ɗebe manyan kafafen labarai irin su BBC Hausa da DW da RFI da Aminiya, abin da ya rage da yawansa kwafe-kwafe ne, labari ɗaya a shafuka ashirin har da kuskuren rubutunsa, kuma ba wanda zai kafa hujja da kwafi alhali asalin yana nan. Amma a ce wani daga cikinku ya ɗauki alkawarin shiga kasuwar Dawanau kowane mako ya rubuta farashin gero da dawa da wake da riɗi, da kwanan wata, ba fashi, har shekara biyu. Ko wata ta zauna da masu rini a Ƙofar Mata ta rubuta yadda ake haɗa baba da toka, da sunan kowane zane da hotonsa. Ko wani ya tattara sunayen cututtukan dabbobi kamar yadda makiyaya suke faɗarsu, ya haɗa kowanne da abin da likitoci suke kiransa. Irin wannan aiki ɗan jarida zai buƙace shi, ɗalibin da ke rubuta kundin digiri zai buƙace shi, ma'aikacin hukumar gona zai buƙace shi, kuma duk wanda ya ɗauka ba shi da wurin da zai jingina maganarsa sai gare ka. Ba laifi ba ne kuma, bayan ka gama, ka rubuta wa wanda ka san abin zai amfane shi takarda ta ladabi, ka gaishe shi, ka ce ga abin da na tattara ko zai yi maka amfani, ka tsaya a nan, ba tare da sharaɗi ko naci ba. Da yawa ba za su amsa ba. Hanyar tana da jinkiri, kuma za ku ga wani da ya sayi mahaɗai ya wuce ku ya yi wata da watanni a sama, ba zan ɓoye muku wannan ba; sai dai ku sani ma'aikatan Google da kansu sun sha faɗa a 'yan shekarun nan cewa nauyin mahaɗi a lissafinsu ya ragu daga yadda yake a da, ga shi kuwa nagartar abin da ke cikin shafi kullum ƙara shiga lissafin take yi.

Saura wanda ya riga ya afka, ko da hannunsa ko ta hannun wanda ya ɗauka aiki. Ya buɗe Search Console, manhajar da Google yake bai wa masu shafi kyauta, ya duba sashen hukuncin da ma'aikata suke yankewa da hannu, ya kuma sauke jerin shafukan da suke nuna shi. Idan akwai hukunci, sai ya bi masu waɗancan shafuka ɗaya bayan ɗaya ya roƙi a cire, abin da ya gagara kuma ya shigar da shi a kayan barranta da Google ya fitar a Oktoban 2012, wanda da shi mai shafi yake cewa waɗannan ba da yawuna suke ba, kada a lissafa mini su, sa'an nan ya rubuta takardar neman a sake duba shi, ya faɗi abin da ya yi ba tare da kwana-kwana ba. Idan kuwa babu hukunci, kada ya yi gaggawar barranta daga duk mahaɗin da bai gane ba, don mutane da yawa sun yanke nagari tare da mugu saboda firgita. Wanda kuma zai ba wani kwangilar ɗaga shafinsa, ya sharɗanta masa tun kafin kuɗi su fita cewa kowane wata zai kawo jerin wuraren da ya sa mahaɗi da yadda aka yi aka same su, ya kuma riƙa buɗe su da kansa yana dubawa, domin J.C. Penney ma cewa ya yi bai san abin da ake yi da sunansa ba, ya sallami kamfanin da ke masa aikin, amma hukuncin a kan shafinsa ya sauka.